Kuɗin Ƙofa a Filayen Ƙwallon Katsina: Wa Ke Biya, Wa Ke Shiga Kyauta?

Sharhinmu na yau a kan kuɗin ƙofa ne, wato abin da ɗan kallo ke biya kafin a bar shi ya shiga fili ya ga wasan ƙwallon ƙafa a nan birnin Katsina. Na san wani zai ce ana fama da tsadar abinci da matsalar tsaro, wa ke ta tikitin bal? Ni dai ban ɗauki maganar ƙarama ba. Ɗari biyun nan ko ɗari biyar da ake karɓa a bakin get, ita ke yanke hukuncin ko yaron Sabuwar Unguwa zai ga wasa da idonsa ko sai dai a ba shi labari. Ita ce kuma ke yanke hukuncin ko ƙungiyar unguwarku za ta kai baɗi ko za ta watse.

Bari in fayyace irin ƙwallon da nake nufi. Gasa a Nijeriya hawa-hawa ce. A can sama akwai Firimiyar ƙasa, wato NPFL. Ƙarƙashinta akwai NNL, sai NLO ta biyo baya, sannan gasar jiha da kofin ƙalubale na jiha, da kofunan da ake sakawa a unguwanni da ƙananan hukumomi. Hankalina ya fi karkata ga waɗannan na ƙasa-ƙasan. A nan ne za ka ga ɗan wasan da da safe yana gareji yana kwance inji, ko yana shagon ɗinki, ko yana aji a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Kwalejin Hassan Usman, da la'asar ta yi ya sa jesi ya shiga fili. Ba shi da albashin da zai dogara da shi. In an yi nasara a ba shi ɗan abin sabulu, in an sha kashi ya nemi kuɗin acaba a aljihunsa. Amma wasan da yake yi wasa ne na gaske, da alƙali, da rajista, da maki, da hawa da faɗuwa, kuma daga cikin irinsu ake tsintar waɗanda gobe za su sa rigar Katsina United.

Riƙe irin wannan ƙungiya akwai ɗawainiya, kuma duk wanda ya taɓa kusantar mai kulob ya sani. Akwai kuɗin rajista da lasisin 'yan wasa. Akwai alawus na alƙalan wasa. Akwai ƙwallaye da takalma da raga da jesi, akwai ruwan sha, akwai maganin targaɗe, in kuma tsautsayi ya gitta aka samu karaya sai asibiti ko gidan mai ɗori. Mafi nauyi duka ita ce mota. A kwashi mutum ashirin da wani abu zuwa Daura ko Malumfashi ko Funtuwa a dawo da su, a ciyar da su a hanya, wannan kaɗai ya isa ya karya ƙaramin ɗan kasuwa. Mai kulob ɗin nan kuwa sau da yawa malamin makaranta ne, ko mai shago, ko tsohon ɗan wasan da ƙaunar tamaula ta hana shi sakat. Saboda haka in ya tsaya a bakin ƙofa ya ce a biya, bai yi laifi ba. Ina tare da shi a kan haka ɗari bisa ɗari. Inda muke da magana shi ne nawa za a biya, wa zai biya, kuma ina kuɗin ke tafiya.

To mu leƙa aljihun ɗan kallo. Kafin ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Da aka cire tallafi, cikin 'yan kwanaki ta haura naira 500 a nan Arewa, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disambar wannan shekarar ta 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yulin 2024. Raba dubu saba'in ɗin nan gida talatin, abin da zai faɗo a rana bai kai naira 2,400 ba, kuma a ciki za a yi cefane, a sayi gawayi, a ba yara na makaranta. Wannan fa ma'aikaci ke nan. Mafi yawan waɗanda ke cika filayenmu ba su da albashi ko kaɗan: 'yan acaba ne, da leburori, da yaran shago, da masu wankin mota, da ɗalibai. Sannan tikiti ɗaya ne kawai daga cikin abin da za su kashe. Wanda ya taso daga Kwaɗo ko Dutsen Safe ko bayan Ƙofar Marusa sai ya biya Keke Napep zuwa da dawowa, sai ya sayi fiya wata, kuma awa biyu ko uku da zai yi a fili awanni ne da bai nemi ko sisi ba. In ka ce masa ɗari biyar ce a ƙofa, shi a lissafinsa abin ya doshi dubu da ɗari biyar. In yana da yara biyu da suka maƙale masa, zancen ya ƙare tun daga gida.

Akwai abin da na gani a bakin wani fili a cikin garin nan da har yau yake damuna. Wani magidanci ne, daga ganin hannunsa ka san bakanike ne, ya zo da 'ya'yansa maza uku, ƙaramin yana riƙe da gefen rigarsa. Ya ce da mai karɓar kuɗi, "Samari, nawa ne?" Aka ce, "Ɗari uku-uku ne, Baba." Ya ce, "Har yaran?" Aka ce, "Kowa da kowa." Ya ce, "Wancan makon ai ɗari biyu na biya." Aka ce masa yau babban wasa ne. Ya koma gefe ya zaro kuɗi daga aljihun gaba, tsofaffin 'yan hamsin-hamsin da ɗari-ɗari, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Daga ƙarshe ya biya wa manyan biyu, ya ce su riƙe hannun juna, shi kuma ya ja ƙaramin suka zauna a gindin katanga suna sauraren ihun 'yan kallo. Ba a yi minti biyar ba sai ga wata mota mai baƙin gilashi. Aka buɗe babbar ƙofa da sauri, ana "ranka ya daɗe", ta shige, mutum shida ko bakwai suka bi bayanta a ƙafa, kowa na cewa tare muke. Babu wanda aka tambaya ko kwabo. A gefe guda ga yara sun fi talatin, duk babban da ya zo wucewa sai su tare shi, "Yaya, don Allah shiga da ni." Wasu sun ɗare katanga, wani ƙato na bin su da dorina. Da aka dawo daga hutun rabin lokaci aka saki ƙofa, sai suka kwarara ciki gaba ɗaya, har wani ya faɗi aka tattake masa ƙafa.

Duk cutar da ke damun ƙofofinmu tana cikin wannan abu da na ba ku labari. Farashi ba shi da tsayayye, sai ka zo bakin get kake jin nawa ne, kuma yana iya canzawa gwargwadon yawan layi ko fuskar mai tambaya. Sau da yawa ba a ba ka takarda, in ma an ba ka, a karɓe ta a ƙofa ba a yaga ba, ta sake zagayowa a sayar wa na bayanka. Yaro ɗan shekara takwas ana cajinsa daidai da ɗan kasuwa. Wanda kuma ya fi kowa hali shi ne ba ya biya. Wannan na ƙarshen ya fi ci mini rai. Mun mayar da shiga kyauta alamar girma, har ya zama in aka ce wa mai muƙami ya sayi tikiti sai ya ga an ci masa fuska. Rumfar da ke da inuwa da kujeru, wadda ita ya kamata ta fi kawo kuɗi, ita ce ba ta kawo komai, domin cike take da manyan baƙi da 'yan rakiyarsu da abokan 'yan rakiyar. Nauyin duka sai ya koma kan masu tsayuwa a rana. Talaka kuwa yana gani. In ya haura katanga gobe, kada a yi mamaki, ya ga cewa biya na marasa gata ne.

Sai kuma ɗaya ɓangaren, wanda mutane da yawa ke yabawa, ni kuwa nake jin tsoronsa. Shi ne a wayi gari a ji sanarwa cewa wane ya saye ƙofa, kowa ya shigo kyauta. Ba na ƙin alheri, kuma na san daɗin da matasa ke ji ranar. Amma a duba yadda abin ke gudana. Yawanci sai zaɓe ya matso ake ganinsa, ko ranar wasan ƙarshe da za a ɗauki hoto. Ba a cika faɗin nawa aka bayar ba, balle a san ko kuɗin sun isa hannun ƙungiyoyin da suka buga. Fili ya cika ya batse ba tare da an san adadin mutanen da ke ciki ba, abin da ke da haɗari in rikici ya tashi. Mako na zagayowa kuma, mai alherin ya tafi harkarsa, mai kulob ya koma bakin ƙofa da 'yar jakarsa, sai 'yan kallo su ce masa ai wancan makon kyauta ne, kai ne ka cika son kuɗi. An koya wa jama'a cewa wasan gida abin banza ne da ba a biya dominsa, alhali banza ba ta kai zomo kasuwa. Yawancin manyan ƙungiyoyin ƙasar nan na gwamnatocin jihohi ne, Katsina United ma haka, don haka ko ƙofa ta kawo ko ba ta kawo ba akwai baitulmali a bayansu. Ƙaramin kulob na Ƙofar Guga ko Rafin Daɗi ba shi da wannan gatan. In aka kashe masa al'adar biya, an kashe shi.

Kada kuma mu manta wasan gida yana da kishiya, kuma kishiyar mai ƙarfi ce. Ina nufin gidan kallo. Babu unguwar da ba ta da shi a Katsina. Da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, saurayi zai zauna a benci a inuwa, ga fanka in akwai janareta, ya kalli Arsenal ko Real Madrid ko Barcelona, a ƙofar gidansu, ba kuɗin mota. Wasanninmu kuma an saba take su da ƙarfe huɗu na yamma, bayan la'asar. Wasannin Ingila na ƙarfe uku na ranar Asabar, a lokacin sanyinsu, daidai ƙarfe huɗu suke faɗowa a agogonmu. Manyan wasanninsu na Lahadi ma a wannan tsakanin suke. Ke nan mai kulob yana kiran mutane su biya kuɗin da ya fi na gidan kallo, su sha rana, a daidai lokacin da ake nuna ƙungiyar da suka fi sanin sunayen 'yan wasanta fiye da na unguwarsu. Su Turawan Ingila da kansu sun san wannan haɗari. Tun shekarun 1960 suke da ƙa'idar hana nuna wasa kai tsaye a talabijin a cikin ƙasarsu ranar Asabar daga ƙarfe uku saura kwata zuwa biyar da kwata, don kada ƙananan ƙungiyoyi su rasa 'yan kallo. Wasan da mutumin Landan ba zai gani a akwatinsa ba, mu muna ganinsa a Ƙofar Ƙaura. Ba mu da ikon hana tauraron ɗan'adam, kuma ba na kiran a takura wa masu gidajen kallo, sana'arsu suke yi. Amma muna da ikon duba jadawali. Me zai hana a riƙa sa wasannin jiha ranar Juma'a da yamma, ko Laraba, ko duk ranar da ba a buga manyan wasannin Turai? Akwai makonnin da ake dakatar da gasar Turai saboda wasannin ƙasashe. A Ingila tun 2010 suke ware irin wannan rana don jan mutane zuwa kallon ƙananan ƙungiyoyi. Mu ma ranakun nan suna zuwa suna wucewa, babu mai amfani da su.

Masu cewa Bahaushe ba ya biyan kuɗin kallo, su je gidan dambe. Mutum zai biya a ƙofa ba gardama, ya shiga, in ɗan damben da yake so ya yi kisa ya tashi ya yi masa kari, ya yi wa makaɗi, ya koma gida yana murna. Me ya sa? Ya san nawa ne tun kafin ya taso, ya san abin da zai gani, kuma yana ganin kuɗinsa na shiga hannun wanda ya yi gumi. Mutumin nan ɗaya ne da wanda ke jayayya a kan ɗari biyu a filin ƙwallo. Abin da ya rasa a filin ƙwallo shi ne yarda.

Rigimar kuɗin tikiti ba a kanmu aka fara ba. A watan Fabrairun 2016, magoya bayan Liverpool kimanin 10,000 suka tashi suka fice daga filin Anfield a minti na 77, ana tsakiyar wasa da Sunderland, saboda an ce za a kai wasu tikitoci fam 77. Cikin 'yan kwanaki masu kulob ɗin suka ba da haƙuri suka janye. A wannan shekarar ce kuma ƙungiyoyin Firimiyar Ingila suka amince kada tikitin magoya bayan da suka bi ƙungiyarsu waje ya wuce fam 30. A Jamus, Fortuna Düsseldorf ta fara buɗe wasu wasanninta na gida kyauta a 2023, haka ma Paris FC a Faransa. Wani zai ce to ga shi nan, su ma kyauta suke yi. A lura da bambancin. A Düsseldorf kamfanoni ne suka ɗauki nauyi bisa yarjejeniya, an san wasannin tun da wuri, kuma duk da kyauta ne sai ka nemi tikiti an ba ka, an san mutum nawa suka shiga. Wanda duk yake son ya saye ƙofa a Katsina, ya yi irin wannan: ya faɗi nawa ya bayar, ya miƙa wa ƙungiyoyin a gaban shaidu, a raba tikiti a ƙirga.

Katsina gari ne mai tarihin wasa. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya kafa wasan folo a garin nan, kuma sunansa babban filinmu na Karkanda yake ɗauke da shi tun 2016. Dattawan 'yan kallo ba su manta shekarun 1995 da 1996 da 1997 ba, lokacin da Katsina United ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na ƙasa sau uku a jere, duk da Allah bai nufa ta ɗauko shi ba, ta sha kashi a hannun Shooting Stars da Julius Berger da Eagle Cement. Matasa kuma sun tuna 2022, da ƙungiyar ta faɗa NNL tare da Kano Pillars, da yadda suka dawo tare a 2023. Waɗanda suka tsaya mata a wannan shekara ta ƙunci, ina suka koyi son ƙwallo? A filayen unguwa suka koya, suna yara, wani babba ya riƙe musu hannu ya shiga da su. Yaron da aka kora da dorina yau, in ya girma ba zai san hanyar fili ba, gidan kallo zai sani. Filin Muhammadu Dikko yana ɗaukar kimanin mutum 35,000. Waɗanda za su cika shi nan da shekara goma sha biyar su ne ke maƙale a katanga yanzu.

Ga masu kulob da ke jin tsoron araha za ta karya su, ina roƙon su yi wannan lissafi, misali ne kawai. A ce ka sa ɗari biyar, mutum 400 suka iya biya, ka tashi da naira 200,000. A ce ka sa ɗari biyu, mutum 1,500 suka shigo, ka tashi da 300,000, ga fili cike, ga 'yan wasanka na jin ƙarfi, ga masu rake da gyaɗa da zoɓo da awara sun yi ciniki, ga mai shagon da zai yarda ya biya ka don a rataya allon tallarsa tunda akwai idon da zai gani. Gurbin zama a fili kamar tumatir ne a hannun mai kayan miya da yamma ta yi, wanda bai sayar yau ba ba zai ajiye shi ya sayar gobe ba. Da zarar alƙali ya hura usur na tashi, duk gurbin da ya kwana babu kowa asara ce da ba ta dawowa. Na yarda akwai ranar da lissafin ba zai fito haka ba, kamar ranar da hadari ya haɗo ko aka yi babban rashi a gari. Amma a tsawon kakar wasa, mai araha tsayayya ya fi mai tsada da ke hawa da sauka.

Abin da nake kira a yi ba ya buƙatar kasafin gwamnati. Hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha ta zauna da masu kulob kafin a fara kaka, a tsayar da farashin tsaye na kowane mataki, a rubuta shi da manyan baƙaƙe a allo a bakin kowace ƙofa, a faɗe shi a rediyo tare da sanarwar wasa. A ra'ayina ma'aunin mai sauƙi ne: ɓangaren talakawa kada ya wuce abin da ake biya a gidan kallo na unguwa a wannan lokacin. Yaran firamare su shiga kyauta in suna tare da babba, ta ƙofarsu daban, don a daina turereniya. Ɗalibi mai katin makaranta ya biya rabi. Masu lalurar nakasa su shiga kyauta a ba su wuri a gaba. Rumfar inuwa kuwa a tsauwala mata kuɗi yadda ya kamata, ninki biyar ko goma, kuma kowa ya biya. Wanda aka gayyata a matsayin babban baƙo, girmansa shi ne ya fara zaro kuɗi ya sayi nasa da na 'yan rakiyarsa a gaban jama'a, in ya ga dama ya ƙara da tikiti hamsin a raba wa yaran da ke waje. Ranar da shugaban ƙaramar hukuma ko ɗan majalisa ya tsaya a layi ya karɓi tikitinsa, gardamar bakin ƙofa ta ragu da rabi.

Tikitin kuma ya zama mai lamba, mai gida biyu, a yaga a ba ka rabi. A tanadi canji tun da wuri, domin rashin canji na daga cikin hanyoyin da hamsin-hamsin ɗin mutane ke salwanta, kuma tunda yanzu har mai shayi na karɓar tiransifa, a sa mai POS a gefe. Masu tsaron ƙofa a yanka musu haƙƙinsu a fili, kashi kaza cikin abin da aka samu, domin wanda aka tsayar a rana awa uku ba a ce za a ba shi komai ba, shi zai biya kansa da kansa. A daina ɗauko ƙauraye a ba su ƙofa don ana tsoronsu. Magidanci ba zai kawo 'ya'yansa inda ake zare masa ido ba, kuma duk wanda ya taɓa ganin an yi jifa ko an fasa motar baƙi a filin wasa ya san irin tarar da horon da ke biyo baya, da yadda ake rufe fili a hana kowa shiga, mai laifi da marar laifi. Akwai kuma dabarar da ƙananan ƙungiyoyi za su iya gwadawa, wato katin kaka. Mai shago ko ma'aikaci ya biya sau ɗaya a farkon shekara, a rangwanta masa, a ba shi kati mai sunansa. Kuɗin nan na farko su za su biya rajista da jesi, a daidai lokacin da mai kulob ya fi shiga matsi.

Na bar mafi muhimmanci a ƙarshe, wato lissafi. Kafin a tashi daga wasa, ko washegari, a faɗa wa mutane: tikiti kaza aka sayar, kuɗi kaza aka samu, an ba alƙalai kaza, masu fili kaza, ƙungiyar gida kaza, baƙi kaza. A rubuta a allo, a sa a shafin kulob na Facebook, a tura a zauren WhatsApp na magoya baya. Na san wasu masu kulob za su ce tonon asiri ne, mutane za su ga ƙanƙantar abin da ake samu. To su gani mana. In ɗan kallo ya ga cewa duk abin da ƙofa ta kawo bai isa kuɗin motar zuwa Funtuwa ba, shi da kansa zai daina neman a shigar da shi ta bayan fage, wani ma zai ƙara da nasa. Mutanen Katsina suna haɗa kuɗi su gyara masallacin unguwa, su sayi taransifoma, su yashe kwata, duk lokacin da suka yarda da mai riƙe da asusun.

Ni a nawa ɓangaren, ga alkawarin da zan iya cikawa. Duk ƙungiyar da ke buga gasar jiha ko NLO ko kofin unguwa a cikin birnin nan da kewaye, in ta aiko da ranar wasanta da farashin ƙofarta kafin ranar, zan karanta a wannan shiri ba tare da an biya ko sisi ba. In kuma bayan wasan ta aiko da lissafin abin da aka samu da yadda aka raba shi, da sa hannun sakatarenta, shi ma zan karanta shi, da sunan ƙungiyar da unguwarta.